Hannun da Goggo Luan Ba Ta Sani Ba

Duk macen da ta iya saƙa a gidajen ma'aikata na layinmu, ko dai Goggo Luan ce ta koya mata, ko kuma wata da Goggo Luan ta koya wa. Ni kaina a gabanta na zauna ina 'yar shekara goma sha huɗu. Ita tun tana shekara tara ta fara a ƙauyensu, da tsinken gora da wanta ya fere mata, kuma tun da na san ta ban taɓa ganin hannunta babu allura ba. A layin sayen awara tana saƙa, a cikin bas tana saƙa, ranar taron ma'aikata ana ta jawabi ita tana saƙa a ƙarƙashin tebur. Ba sana'arta ba ce, a ɗakin ajiyar kayan masana'anta ta yi aiki har ta yi ritaya. So ne kawai. In ta hangi wata a titi da rigar sanyi mai sabon zane, sai ta bi ta har ta wuce tasharta, ido a kan bayan matar. Kwana uku za ka ga zanen a jikin wani a layinmu.

A shekarar da nake ba da labari shekarunta tamanin da huɗu, shekara shida ke nan da idonta ya tafi. Saƙar dai ba ta tsaya ba. 'Yarta takan jera mata curin zare a cinya, ja a dama, fari a hagu, ita kuwa ta ci gaba. Har lokacin mata suna hawa wurinta koyo. Sai ta shafa abin da mutum ya saƙa ta ɗora masa yatsa a kan layin da ya yi kuskure.

A shekarar ne aka ce za a rushe benayenmu huɗu na jan bulo, waɗanda aka gina wa ma'aikata tun kafin a haife ni. An ba kowa sabon gida, amma a unguwanni dabam-dabam na garinmu, Qiqihar. Cikin watan huɗu, ƙanƙarar kogin Nen ta fara tsagewa, kowa ya shiga ɗaure kaya. Ni ina aure a can gefen gari, na dawo don in taya Babana, Teng Deshan, wanda yake zaune shi kaɗai a hawa na biyu. Tayawar dai ta koma ni kaɗai nake yi, don kullum da ya sha kunun geronsa sai ya rataya jaka, ya ɗauki bokiti, ya tafi kamun kifi. Shekara goma sha takwas da ritayarsa, duk kifin da ya kawo gida ba zai cika bokitin nan sau ɗaya ba. Layin duka sun san shi da haka, suna tsokanarsa, shi kuwa ba mai magana ba ne.

Da aka fara buɗe tsofaffin akwatuna, ba abin da ya fi fitowa irin kayan saƙa. Riguna, wanduna na ciki, huluna, safar hannu, kayan da suka yi shekara arba'in zuwa hamsin, da ba mai sa su yanzu, don jikoki sai rigar kanti. Wata daga ofishin unguwa ta shimfiɗa tamfol a tsakar gida ta ce a zuba a nan, za a kai ƙauye. Cikin kwana uku tulin ya kai ƙugun mutum, tsakar gidan duk ƙamshin kafur.

A rana ta huɗu 'yar Goggo Luan ta sauko da ita shan hantsi. Goggo ta shaƙi iska ta tambayi abin da ake shanyawa. Da aka gaya mata sai ta ce a matso da kujerarta. Ta miƙa hannu ta zaro riga ɗaya, ta shafa ta daga wuya zuwa ƙasa, ta ce wannan ta matar Nie ce ta bene na uku, wadda take matse zare kamar mai shaƙe kaza. Matar Nie tana tsaye a wurin, ta yi dariya har ta riƙe ciki, don rigar tata ce, ta saƙa wa mijinta shekarar da suka yi aure.

Goggo ta zaro wata, ta faɗi mai ita. Ta zaro wani wando, ta faɗi wadda ta saƙa da wanda aka saƙa wa, har ta ƙara da cewa zaren na wata tsohuwar riga ne da aka warware aka turara a bakin buta. Kafin wani lokaci mutane sun bar ɗaure kayansu sun kewaye ta. Wani ya so ya gwada ta, ya miƙa mata rigar inji ta kanti, ko shafawa ta biyu ba ta yi ba ta jefa masa abarsa. Aka kawo wata da 'yan gidan Qu su biyu suka haɗu suka saƙa, ta bi ta da babban yatsa, ta tsaya a ƙasan hammata ta ce daga nan yayar ta gaji ƙanwar ta karɓa. Haka ne kuwa. In ta ɗauko ta wadda ta rasu, sai ta ambaci sunan a hankali ta ninke ta ajiye a cinyarta. Na ƙirga har riga sittin ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, daga nan na daina ƙirga. Matan nan da yawa na manta da su, wasu ma 'ya'yansu sun manta yadda hannunsu yake, ga tsohuwa makauniya tana kiran su ɗaya bayan ɗaya.

Sai na tuna da nawa kayan.

Mamata, Fengqin, ta rasu ina shekara biyar. Ban riƙe fuskarta sosai ba. Abin da na riƙe shi ne, duk shekara in sanyi ya kusa, Baba yakan buɗe akwatinta ya fito mini da sabuwar rigar ciki mara hannu, daidai jikina, ya ce Mamata ce ta saƙa ta ajiye mini kafin ta tafi. Haka aka yi har na kai shekara goma sha uku, sannan ya ce sun ƙare. A cikin su na girma. Duk ranar da na ji ni marainiya ce a makaranta, sai in tura hannu ƙarƙashin rigata in taɓa su. Kwana ɗaya kafin nan na ga uku daga ciki a ƙasan akwatin, ban kai su tulin ba. Yanzu so nake in ji Goggo ta kira sunan Mamata kamar yadda take kiran na sauran. Na hau da sauri na ɗauko su.

Na ɗora mata ƙaramar a cinya ban ce komai ba. Ta shafa. Ta sake shafawa. Ta juya ta ciki waje, ta bi gefe da gefe da yatsa kamar mai neman wani abu da ya ɓace. Ta ce a ba ta sauran, na ba ta. Ta daɗe tana juya su. Can ta tambaya wa ya kawo.

"Ni ce, Goggo. Lirong. Na Mamata ne."

"A'a, 'yar nan," in ji ta. "Fengqin ta zauna a gabana hunturu guda. Safa ɗaya ta gama, ƙafa ɗaya, ita ma diddigen a karkace. Uwarki mace ce mai kirki, ga murya, amma allura ba ta karɓe ta ba."

Na ji kamar an zare mini kujera. Na ce wataƙila ta koya daga baya. Goggo ta girgiza kai, ta ɗaga babbar ta nuna mini jan zaren da ke gefenta. Ta ce wannan zaren roba ne, bai shigo garin nan ba sai da uwata ta yi shekara biyar a ƙasa, don ita Goggon ce ta fara sayensa a layinmu.

Ba ni ce a ranta ba a lokacin, rigunan ne. Ta kama hannuna ta sa ni in tsinci saƙar da yatsa biyu in ja. Sai ta rabu, ashe ruɓi biyu ce: waje ulu, ciki auduga, irin zaren da ake samu in an warware farar safar hannun da masana'anta take raba wa ma'aikata. Ta ce ba ɗinka su aka yi a haɗe ba, tare aka saƙa su a lokaci ɗaya a kan allura ɗaya. Ta ce ta taɓa jin ana yin irin haka a wasu wurare, amma ba ta wannan hanyar ba, don nan kowane ƙulli a juye yake, kamar an saƙa daga ƙarshe zuwa farko. Babu ɗinki ko ɗaya a jikin rigar, kuma ta kasa gano inda aka fara. Ƙaramar duk kuskure ce, ta biyun da sauƙi, ta ukun kuwa ta ce a shekara saba'in da biyar da ta yi tana saƙa ba ta taɓa riƙe irinta ba.

"Mai wannan ba wanda ya koya masa," in ji ta. "Yana yi ne yana ganowa. Na sha ganin su a jikinki kina ƙarama, na ɗauka daga ƙauyen ubanki ake aiko su. Lokacin ina da ido, shi ya sa ban gani ba."

Ta ci gaba da lalube, ta tsaya a kan wasu 'yan wurare masu tauri kamar ƙwayar gero. Ta kai hanci, ta murza. Ta ce ƙunar tartsatsi ce aka gyara, kuma audugar mai kauri ce, irin wadda ake ba mazan sashen narka ƙarfe. Daga nan ta ɗora tafinta a kan rigar.

A daidai lokacin Baba ya shigo ta ƙofar tsakar gida, bokitinsa yana lilo. Ya ga taro, ya ga abin da ke cinyar Goggo, ya sunkuyar da kai ya nufi matattakala. Ita kuwa ta san tafiyar kowa a layin.

"Teng Deshan, zo nan."

Ya ce yana da abin yi a sama.

"Shekara hamsin muna maƙwabta ba ka taɓa gaishe ni da hannu ba. Kawo hannun."

Ya tsaya kamar yaron da aka kama. Sannan ya ajiye bokitin ya miƙa mata. Ta bi yatsunsa ɗaya-ɗaya, ta tsaya a kan manuninsa na hagu, inda zare ya yi masa wata 'yar hanya. Irinta ce a nata yatsan, irinta ce a nawa. Shekara hamsin da biyu ina ganin hannun mahaifina ban taɓa lura ba.

"Kifi nawa ka kama yau, tsoho?" in ji ta.

Ya ce ruwan bai gama narkewa ba.

"Buɗe jakar mu ga ƙugiyar."

Bai buɗe ba. Ya zare hannunsa, ya ɗauki bokitinsa ya hau. Ba wanda ya yi dariya. Na karɓi rigunan na bi shi.

Na same shi zaune a bakin gado tsakanin kwalaye, jakar a buɗe a gefensa. Safa ce a ciki, toka-toka, an kai rabi, a kan allurai huɗu da aka goge daga sandar walda, sun yi sheƙi don shekaru. Irin safar da yake kawo mini duk shekara ce, da ni da mijina da 'yata, yana cewa wurin wata tsohuwa yake saye a kasuwar safe. Na zauna a kan wani kwali. Shi ya fara magana, yana kallon bango.

Ya ce hunturun da Mamata ta rasu na yi tari sosai, 'yan'uwansa suka matsa ya kai ni ƙauye, wai namiji ba ya iya riƙon 'ya mace. Maƙwabta sun so su taimaka, Goggo Luan da kanta ta zo za ta auna ni, ya sallame ta da baƙar magana, don gani yake in ya karɓa ya yarda ke nan bai iya ba. Ni kuma kullum ina kuka ina tambayarsa abin da Mamata ta bar mini. Babu abin da ta bari sai safar nan ƙafa ɗaya. Ya sa ta a aljihu ya tafi da ita aiki.

Shi ne mai tuƙa injin ɗaga ƙarfe a sashen narkawa, a wani ɗan ɗaki kamar akurki can sama kusa da rufi, inda ba mai hawa sai shi. Wani lokaci sai ya yi awa biyu yana jiran ƙarfe ya narke. A nan ya riƙa warware safar a hankali, ƙulli ɗaya-ɗaya, yana kallon yadda wannan ya fita daga cikin wancan, sannan ya gwada mayar da shi. Da warwara ya koya, shi ya sa komai nasa a juye yake. Ya daina sa safar hannunsa a wurin aiki yana tara su don zare. Ulun kuwa rigarsa ta aure ya warware. Da farko ya yi mini ta ulu zalla, fatata ta yi ƙuraje. Ya yi ta auduga, ba ta tare sanyi. Bai iya ɗinki ba balle ya haɗa su, sai ya zauna yana tunanin yadda za a yi su tare. Shekara guda ya yi a kan haka. Ya ce bai san abu ne mai wuya ba, ya ɗauka duk mata haka suke yi.

Na tambaye shi me ya sa ya ce Mamata ce.

"Kin fi sa su da murna," in ji shi.

Ya ɗauki ƙaramar rigar ya nuna mini wani siririn layi shuɗi a wuyanta. Ya ce wannan zaren safar ne, iya abin da hannun Mamata ya taɓa ke nan. Ya daina rigunan ne da ya ga na fara leƙa wurin Goggo, ya san zan gane. Amma hannunsa ya ƙi dainawa. A sama ya ci gaba har ya yi ritaya, bayan nan ya koma bayan wani tsohon kwalekwale a bakin kogi inda ba mai zuwa.

Na yi kuka, ban ma san na mene ne ba. Wani ɓangare nawa yana jin an ƙwace mini uwa a karo na biyu. Amma da na dubi mutumin nan, wanda na sani da shiru da tsawa da warin man inji, na yi ƙoƙarin hango shi a can sama, ƙasa ana zuba narkakken ƙarfe tartsatsi yana tashi, shi yana lanƙwashe da manyan yatsunsa a kan rigar 'yar shekara shida, sai na tashi. Na ɗora ruwan shayi. Muka ci abincin rana, kabeji mai tsami da awara.

Washegari da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Goggo Luan ce, 'yarta na riƙe da ita, tana haki don hawan bene, da allurai da curin zare biyu a jakarta. Baba ya ɗauka tsiya ta zo yi masa, ya haɗe rai. Ta laluba ta zauna a kujerarsa ba tare da an ce ta zauna ba.

"Na zo koyo," in ji ta.

Ya ce ta bar wasa, ita da ta koya wa gari guda.

"Shi ya sa. Tun da uwata ta rasu ban sake zama a gaban kowa ba. Kwana goma sha ɗaya suka rage a kwashe mu, in ka tafi da abin nan a hannunka ka mutu, ya tafi ke nan. Ɗauko alluranka."

"Yaya Luan, ni ban san sunan komai ba."

"Suna nawa ne, kai dai yi."

Baba ya zama malami mafi muni da na taɓa gani. Sai ya ce a sa nan a fito can, alhali matar ba ta gani. In ta tambaye shi zaren da yake gaba, sai ya ce wancan mana. Ya yi tsaki, ta ce masa ɗan ƙauye, ya ce mata ai ita ta kawo kanta. A ƙarshe ta ce ya rufe baki. Ta sa ni na jawo kujerarta gabansa har gwiwoyinsu suka haɗu, ta ɗora tafukanta a bayan hannayensa ta ce ya saƙa kamar ba kowa.

Ya fara a ɗarare, sannan hannun ya saki. Karo na farko ke nan da na ga Babana yana saƙa. Zare biyu a yatsa ɗaya, allurar tana shiga ta baya tana ɗauko wannan, ta dawo ta gaba ta ɗauko wancan, da sauri har ido ba ya iya bi. Hannayen Goggo suna kai suna tafiya tare da nasa, ta ɗaga fuska sama, leɓenta yana motsi. Ɗakin ya yi tsit sai ƙarar ƙarfen. Sun fi rabin awa a haka. Da ya kai ƙarshen wani layi ta ɗauke hannu, na ga hawaye yana bin kumatunta. Ta ce ita a shekara saba'in da biyar abin da wasu suka ƙirƙira take ta kwaikwayo.

Abin da ya ɗauke shi shekara, ita kwana huɗu ya ɗauke ta. A rana ta biyar ta riga ta raba aikin gida-gida, ta ba kowane motsi suna, ta mayar da shi 'yar ƙirga mai kama da waƙa da kowa zai iya riƙewa. Ta ce a sauko da kujeru tsakar gida. Baba ya ce shi ba zai zauna cikin mata yana saƙa ba. Ta ce ai layin duka sun riga sun sani, abin da ya rage kawai su gani. Ya sauko yana gunaguni, ya zauna a gefe ya ba mutane baya. Abokansa na wurin aiki, tsofaffi uku da suka saba buga kati a gindin bishiya, suka zo da niyyar tsokana. Ɗaya ya ce ashe duk shekarun nan da suke ɗaga masa hannu daga ƙasa bai gani ba, riga yake yi. Baba ya ce ko sau ɗaya ya taɓa sauke musu ƙarfe ba daidai ba? Suka ƙare a tsaye a kansa suna kallo.

Goggo ma ta biya shi. Ta nuna masa yadda ake fara saƙa da yadda ake rufe baki ta hanyar da kowace 'yar shekara goma ta sani. Shi ashe wata doguwar hanya yake bi mai cin rabin yini. Ya gwada sau biyu, ya ajiye alluran ya dube ta baki buɗe.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Da ka bar ni na shigo ranar da na zo auna yarinyar nan, da ka huta."

Tulin da ke kan tamfol ya ragu da rabi kafin motar ƙauye ta zo, don mata da yawa sun koma sun zare nasu. Wasu suka ajiye, wasu suka warware suka turara zaren, suka zo da shi wurin koyo. Mu goma sha huɗu muka fara, shida muka iya kafin ranar tashi. Ni ce ta ƙarshe a cikin shidan, kuma har yau hannuna yana so ya koma yadda ya saba.

Bayan an watse, Goggo ta koma gidan 'yarta a arewacin gari, Baba kuma aka ba shi ɗaki kusa da ni. Duk ranar Talata yakan shiga bas biyu ya je wurinta, mu ma da muka iya mukan je in mun samu hali. Daga baya ofishin sabuwar unguwarsa suka ba shi wani ɗaki mai ɗumi a ƙasa, yana koyarwa ranar Asabar. Ɗalibansa tara yanzu, biyu maza. Har yau yana yi musu tsawa, amma da ƙirgar Goggo yake koya musu.

Goggo ta ƙara hunturu biyu a duniya. Ta gama riga guda mai ruɓi biyu da hannunta, ta ba jikanyarta. A hunturu na biyun ta kwanta a asibiti, gashinta ya zube, tana cewa kanta yana jin sanyi. Baba ya yi kwana uku yana saƙa mata hula, ciki auduga mai laushi, waje ulu ja, muka kai mata tare da rana. Ta rame sosai, muryarta da ƙyar take fita. Ya sa mata hular a hannu. Ta daɗe tana shafawa, ta juya ta, ta bi bakinta da yatsa har ta zagayo.

"Gefen nan ya saki, Deshan," in ji ta. "Warware layi biyu."

Ya jawo kujera kusa da gadon, ya fito da alluransa, ya warware.